In yaro ya ce ba ya son haihuwa



Mawre tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Yamai. Ta samo sunanta daga Mawri, wato Arawa, da suka zauna wurin tun birnin yana ƙauye. Can na je barkar suna a wani gida. Mata na daka, wata yarinya mai shekara 7 tana goye da wani yaro. Sai wata baƙuwa ta ce mata: "Kin iya goyo, saura naki." Yarinya ta ce: "Ni ba ni haihuwa har abada."

Gida ya yi tsit. Uwar ta ɗaga hannu za ta make ta, tana cewa: "A'uzubillahi! Tofar da miyau!" Kakar yarinya ce ta tare. Ta ce: "Zo nan kishiyata. Mi ya sa?" Yarinya ta ce: "Iya, bayana na ciwo. Kuma daren da Inna ta haihu na ji nishinta, na ga jini. Na ɗauka mutuwa za ta yi."

Kada mu ga laifin uwar. A ƙasarmu haihuwa arziki ce. Binciken gwamnati na shekarar 2012 ya nuna mace guda a Nijar tana haihuwar ɗiya sama da 7. Na 2021 ya nuna kimanin 6. Uwar tana tsoron mugun baki ya bi ɗiyarta. Amma haihuwa ta Allah ce. Maganar ƙaramar yarinya ba ta rufe mahaifa.

Na koyar da yara a lakwal kafin in shigo wannan aiki. Yaro mai shekara 6 ko 7 ba ya hangen shekara ashirin gaba. Yau ya ce soja zai zama, jibi direban babbar mota. In ya ce ba ya son ɗiya, maganar yau yake yi. Akwai abin da ya gajiyar da shi, ko abin da ya ba shi tsoro. Yarinya ta gaji da goyo da wankin kashi, ga ɗiban ruwa. Wata ta ji mata suna labarin wadda ta rasu wurin haihuwa. Yaro namiji ma yakan faɗi haka, in ya ga ubansa na cin bashi don ragon suna.

To mi za mu yi? Kada a buge shi, kada a yi mashi dariya gaban mutane. In an buge shi zai yi shiru, tsoron kuwa yana nan. A tambaye shi dalili, kamar yadda kakar nan ta yi, a bari ya gama magana.

In tsoro ne, a faɗi gaskiya daidai hankalinsa. Kada a ce haihuwa ba ta da wuya, don ya ji da kunnensa. A ce mashi akwai wuya, amma akwai ungozoma da likita masu taimako. Shi ya sa mai ciki take zuwa awo. Tun 2006 gwamnati ta yanke cewa awon ciki kyauta ne. Yarinya kuma a gaya mata haihuwa ta manya ce, sai jiki ya ƙosa. Ita yanzu aikinta karatu da wasa. Wannan magana alkawari ce, iyaye. Wanda ya faɗe ta bai kamata ya aurar da ɗiyarsa tana shekara 13 ba.

In gajiya ce, magana kaɗai ba ta isa. A rage mata kaya. Goyon sa'a guda koyo ne. Goyo daga safe har la'asar ya fi ƙarfin bayan yarinya.

A gidan nan na Mawre, kakar ba ta nemi jikarta ta janye maganarta ba. Ta kwance yaron daga bayanta, ta miƙa wa wata babbar mace. Yarinya ta miƙe, ta fita ƙofar gida wurin ƙawayenta masu gaɗa.