Malamar Ajin Raino Da Duniyar Yaro

Yaro mai shekara 4 a Yelwa ko Ngaski ko Shanga bai san harafi ba. Amma ya san kwalekwale da taru da kifi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, gidaje da yawa a tafkin suke samun abinci. Abin da yaro ke gani kullum ke nan.

Malama ta gari daga nan take farawa. Takan tsuguna daidai tsayinsa, ta saurare shi. In za ta koya masa ƙidaya, sai ta sa ya gina kifi 5 da laka. In ya tambayi inda rana ke kwana, ba ta yi masa tsawa.

Wani yaron Gunganci ko Kambarci ake yi a gidansu. Shirunsa a aji ba daƙiƙanci ba ne, harshen ne bai saba ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara. Ya kamata iyaye su kai su ajin raino, malamai kuma su yi haƙuri. Yaron da aka tsorata a ranar farko yakan tsani makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.