Zane a Waya: Abubuwa Uku da Ɗalibi Zai Sani Kafin Ya Sayi Na'ura

Ɗalibai da yawa masu karatun zane suna ɗauka sai sun mallaki iPad da manhajar Procreate kafin su fara zanen dijital. Procreate dai a na'urorin Apple kaɗai take aiki, amma wayar Android ta isa a fara da ita. Ana sauke ibisPaint X da Sketchbook kyauta a Play Store, mai kwamfuta kuma yana da Krita, ita ma kyauta. Abin da ya fi jawo wa sabon shiga asarar aiki shi ne rashin sanin waɗannan abubuwa uku.

Na farko shi ne girman shafi. Hoton dijital tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira piksel. Idan aka fara zane a ƙaramin shafi, zai yi kyau a fuskar waya, amma da zarar an buga shi a takarda sai ya fito dishi-dishi, kuma ƙara masa girma daga baya ba ya gyara shi. Masu ɗab'i sun fi son ɗigo 300 a kowane inci, wato takardar A4 tana buƙatar piksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Tun kafin a ja layin farko ake saita wannan.

Na biyu shi ne leya. Leya kamar farar leda ce da ake shimfiɗawa ɗaya kan ɗaya, ana hango ta ƙasa ta cikin ta sama. Ɗalibi zai yi zanen gwaji a ta farko, ya bi layukan da kyau a ta biyu, ya zuba launi a ta uku. Idan malami ya ce a canza launin riga, leya ɗaya kawai za a taɓa. Sai dai JPG da PNG suna haɗe leyoyin wuri guda, don haka a riƙa adana asalin aikin a cikin manhajar.

Na uku shi ne bambancin hoton piksel da na bekta. Bekta da lissafi ake gina layukansa, shi ya sa ko an faɗaɗa shi ya kai girman allon talla ba ya lalacewa. Tambarin kamfani da shi ake yi, a manhajoji irin su Inkscape da Adobe Illustrator. Zanen fuska mai inuwa da haske kuwa ya fi dacewa da piksel.

Sai batun alƙalami. Mai arha mai kan roba madadin yatsa ne kawai, ba ya gane ƙarfin dannawa. S Pen na Samsung da allunan zane na Wacom, Huion da XP-Pen suna ganewa, layi ya yi kauri ko siriri gwargwadon yadda aka danna. Da yawa daga allunan nan suna haɗuwa da wayar Android ta igiyar OTG, amma a tabbatar sun dace da wayar kafin a biya kuɗi.

Wajen tura aiki ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi ta rage masa inganci. Littafin zane da fensir kuma kada a ajiye su, domin ma'aunin jiki da faɗuwar inuwa hannu da ido ne suke koyon su.