LABARINA: Har yau 'yan kallo ba su daina musu kan Sumayya ba

Duk majalisar da aka tayar da hirar 'Labarina', shirin darakta Aminu Saira da ya fara fitowa a Arewa24 cikin 2020, da wuya a tashi ba a raba gari ba. Kuma a kan mutum ɗaya ake rabuwa: Sumayya.

Nafisa Abdullahi ce ta fara hawa wannan matsayi, har sunan ya bi ta. Da ta fice a 2022, sai Saira ya ɗauko Fati Washa ta ci gaba daga inda aka tsaya. To fa, nan ake yin ta!

Masu ra'ayin Nafisa su na cewa ita ta san kan Sumayya, domin ko shiru ta yi, idon ta na magana. Magoya bayan Washa kuwa gani su ke an zalunce ta, tunda tun kafin ta buɗe baki aka yanke mata hukunci.

Gaskiyar magana, Washa ba baƙuwa ba ce a industiri, kuma ta yi bakin ƙoƙarin ta. Matsalar sabo ce. A zamanin kaset, irin su 'Sangaya' da 'Wasila', zama ɗaya ko biyu ka cinye kashi guda. Shi kuwa mai dogon zango, mako-mako ya ke shigo maka ɗaki har fuskar ta zama ta 'yar gida. Rana ɗaya a wayi gari an sauya ta, wa zai yarda cikin sauƙi? Ko da Baba Ɗan Audu aka yi wa haka, wallahi sai an ji irin wannan ƙorafin.