ZAƁEN JITAR LANTARKI MAI KAIFIN AMO: A BAR KUNNE YA YI CINIKI

Akwai wani irin amo da jitar lantarki take fitarwa wanda duk mai sauraron kiɗan kantiri na Amurka ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Amo ne siriri mai kaifi, wanda yakan fito da ƙarfi farat ɗaya tamkar an ja tsirkiyar baka an sake ta, sa'an nan ya lafa da ɗan kaɗawa a ƙarshensa. Turawa suna kiransa tuwang, watau sun kwaikwayi ƙarar ce suka mai da ita suna. Wanda ya taɓa jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ba zai sha wahalar gane abin da ake nufi ba, domin kuwa shi ma kuntigi ƙaramin abu ne mai tsirkiya guda, amma muryarsa tana ratsa hayaniyar taro ta isa kunnen na bayan dandali.

Wannan amo shi ne samari da yawa masu koyon jita suke nema. Sau da yawa kuwa mutum yakan tara kuɗi wata da watanni, ya shiga kanti ya ɗauko jitar da ta fi ƙyalli, sai ya isa gida ya ji muryarta a daskare kamar ana magana cikin tulu. Kuɗi sun tafi, bukata ba ta biya ba. Dalili kuwa shi ne kaifin amo yana da wuraren da yake fitowa a jikin jita, kuma wanda ya san wuraren nan da wuya a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Asalin Wannan Amo

Labarin ya faro ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, inda wani mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya buɗe shago cikin shekarar 1938. Abin mamaki, shi kansa bai iya kaɗa jita ba, sai dai yana zama da makaɗa yana jin kukansu. Babban kukansu kuwa shi ne jita mai rami a ciki takan yi ta shewa da zarar an ƙara wa lasifika ƙarfi. Cikin 1950 sai ya fito da jita ta katako zalla ba rami, wadda aka ɗaure wuyanta da jikinta da sukurori huɗu. Mai maɗaukin amo ɗaya aka sa mata suna Esquire, mai biyu kuma Broadcaster. Da kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa yana da ganguna masu irin wannan suna, sai aka sake mata suna cikin 1951, ta zama Telecaster. Har yau idan ana zancen kaifin amo, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Makaɗan kantiri ne suka fara rungumarta. Luther Perkins, wanda yake kaɗa wa Johnny Cash, da Esquire ya yi suna. A garin Bakersfield kuma, Buck Owens da abokin kiɗansa Don Rich suka mai da Telecaster tambarin kiɗansu, domin a gidajen rawa masu cunkoso muryarta ce take iya keta ƙarar ganga da surutun jama'a. James Burton, wanda ya kaɗa wa Elvis Presley daga 1969 har zuwa rasuwar Elvis cikin 1977, shi ma ita ce abokiyar aikinsa.

Sirrin Yana Cikin Maɗauki

Jitar lantarki ba ta da murya sai da taimakon wata 'yar na'ura da take kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda makaɗa suke kira fikof, watau maɗaukin amo. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa sai ta haifar da ɗan lantarki kaɗan, shi ne yake bin waya zuwa amfilifaya ya zama ƙara.

Maɗauki iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko mai naɗi ɗaya ne, siriri, ana ganin ƙananan ƙarafa shida a jere a samansa. Shi ne yake barin siririyar murya ta wuce ba tare da an tauye ta ba, saboda haka shi ne uban kaifin amo. Na biyu mai naɗi biyu ne, mai faɗi, ana kiransa hambaka. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a jitocin Les Paul cikin 1957. An yi shi ne domin ya kashe gunjin lantarki, ya kuwa kashe shi, amma tare da gunjin sai ya rage kaifi, muryarsa ta zama mai kauri da taushi. Wanda yake son kiɗa mai nauyi, hambaka ta yi masa. Wanda kuwa yake neman kaifi, in ya sayi jita mai hambaka biyu, ya shuka dusa.

Har ila yau wurin da aka kafa maɗauki yana da nasa tasiri. Tsirkiya ba ta kaɗawa sosai kusa da jaki, watau ƙarfen nan da take hawa kansa a gindin jita, don haka maɗaukin da yake wurin siririyar murya ya fi ɗauka. Na kusa da wuya kuwa mai taushi yake bayarwa. A jikin Telecaster an ɗaure maɗaukin gindi ne a cikin farantin baƙin ƙarfe na jakin kansa, an ɗan karkata shi, kuma akwai wani ɗan faranti a ƙarƙashinsa. Tsirkiyoyin suna ratsa katakon jiki ta baya, su hau kan gungumomin tagulla uku, kowane yana ɗauke da biyu. Haɗuwar waɗannan abubuwa ita ce take ba ta cizon da aka san ta da shi.

Tsawo Da Tsirkiya

Abu na gaba da ya kamata mai saye ya auna shi ne tsawon tsirkiya daga bakin wuya zuwa jaki. A yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, a yawancin na Gibson kuwa inci 24.75. Bambancin bai kai inci guda ba, amma tsirkiya mai tsawo sai an ƙara ɗaure ta kafin ta kai muryar da ake so, ɗaurin nan kuwa shi yake sa ta tsalle da ƙarfi idan an taɓa ta. Awon tela ya isa a tabbatar da wannan a cikin kanti.

Ita ma tsirkiya tana da nata rabo. Sabuwa mai naɗin zagaye, ta baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel, ita ce take ƙara da kaifi. Mai naɗi sumul ta masu kiɗan jaz ce, muryarta a lulluɓe take. Tsohuwar tsirkiya da gumi ya cinye kuwa, ko a kan jitar da ta fi kowace tsada aka ɗaura ta, ba abin da za ta bayar. James Burton a zamanin samartakarsa har tsirkiyoyin banjo ya riƙa ɗaurawa, domin ya sami sirara waɗanda zai iya lanƙwasawa da yatsa, tun kafin kamfanoni su fara sayar da irinsu. Game da katako, Telecaster ta farko da itacen ash aka yi jikinta, wuyanta kuma da mabul. Makaɗa sun daɗe suna gardama a kan yawan abin da katako yake ƙara wa muryar jitar lantarki, amma kowa ya yarda maɗauki da tsirkiya sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Ba Hanya Ɗaya Ba Ce

Kada mai karatu ya ɗauka Telecaster kaɗai ce take da wannan baiwa. Duane Eddy, wanda ya rasu cikin 2024, shi ne mutumin da aka fi jingina wa kalmar tuwang, kuma jitarsa Gretsch 6120 ce mai rami, mai maɗaukai masu naɗi ɗaya. Dabararsa ita ce ya kaɗa karin waƙa a kan manyan tsirkiyoyi na sama, yana ɗan girgiza su da sandar Bigsby. A ɗakin ɗaukar murya na garin Phoenix, tankin ruwa babba wanda ba kome a cikinsa aka yi amfani da shi domin samun amsa-kuwa, haka aka ɗauki Rebel Rouser cikin 1958. Nasa amon mai zurfi ne kamar daga cikin rijiya, na mutanen Bakersfield kuwa mai tsini ne kamar allura. Ya kamata mai saye ya san wanne yake so tun kafin ya bar gida.

Akwai kuma Stratocaster, wadda Fender ya fito da ita cikin 1954, mai maɗaukai uku masu naɗi ɗaya. Kaifinta bai kai na Telecaster cizo ba, amma ta fi ta yawan muryoyi. Irinta ce Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar yake kaɗawa da hannun hagu, shi da ya fara koyo a kan jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke. A Nijeriya ma kunnen jama'a ba baƙon wannan amo ba ne. Fayafayan Jim Reeves da Don Williams sun yi farin jini ƙwarai a ƙasar nan, kuma King Sunny Ade ya shigar da jitar kwance ta 'yan kantiri cikin kiɗan juju, wadda Demola Adepoju yake kaɗawa, kamar yadda ake ji a faifan Juju Music na 1982.

Abin Da Kaifi Yake Jawowa

Kowane allazi da nasa amanu. Maɗauki mai naɗi ɗaya yana ɗaukar gunjin wutar lantarki kamar yadda yake ɗaukar kiɗa. A Nijeriya wuta tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ƙarar da ake ji tana zuuu a lasifika idan makaɗi ya ɗaga hannu. Gunjin yakan tsananta kusa da janareto ko dogon ƙwan fitila, ko a gidan da ba a binne wayar ƙasa ba. Maganinsa shi ne a shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramukan da wayoyin jita suke, a nisanci janareto, a kuma sayi waya mai kyau. Akwai kuma maɗaukai na zamani da aka yi su domin su kashe gunji su bar yawancin kaifin.

Doguwar waya ita ma ɓarauniyar kaifi ce. Idan ta wuce mita 6, siririyar murya takan fara zubewa a hanya. Haka nan wanda ya sayo amfilifaya daga Amurka ya tuna cewa ta wuta mai ƙarfin 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230, in ya jona ta ba taransifoma, sai dai ya ga hayaƙi.

Ranar Ciniki

Ko a kasuwar Alaba ta Legas mutum ya je, ko wani kanti a Kano ko Jos, abu na farko shi ne kada sunan da aka rubuta a kan jita ya ruɗe shi. Jabun kaya masu ɗauke da sunan Fender sun yi yawa a duniya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya nemi Squier, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa cikin 1982 domin masu ƙaramin ƙarfi, ko wata jita ta wani kamfani mai irin wannan ƙira, da ya sayi jabu mai babban suna.

Sai ya fara kaɗa ta ba a jona ba, ya ji ko tsirkiyoyin suna ƙara sosai ba tare da sun goga ƙarafan wuya ba. Ya ɗaga ta ya hangi wuyan daga gindi, ya ga ko ya murɗe, domin wuyan da ya ɗan lanƙwashe ana iya miƙe shi da sandar ƙarfen da take cikinsa, wanda ya murɗe kuwa sai canji. Ya danna kowace tsirkiya a mataki na 12, muryar da za ta fito ta zama daidai da ta tsirkiyar a sake, sai dai ta fi ta tashi. Ya shafa gefen wuya da tafin hannu, saboda iskar hunturu takan busar da katako har bakunan ƙarafa su fito suna yankan yatsa.

Bayan haka sai a jona ta da amfilifaya, a kashe duk wani abin da yake gurɓata murya, domin mai kanti yana iya ɓoye aibin jita da kayan ƙawa. A tura makunni zuwa maɗaukin gindi, a buɗe abin murɗa murya har ƙarshe, a kaɗa babbar tsirkiya kusa da jaki da 'yar roba mai tauri. Idan amon ya fito tsaf ya yi tsalle, an dace. Idan ya fito a daskare, ko kuma da tsini mai soke kunne ba nama a jikinsa, a ajiye a gwada wata. Kuma a gwada biyu ko uku masu ƙira ɗaya, don ko 'yan uwa ciki ɗaya kowa da halinsa.

Daga nan sauran aiki na hannu ne. Ƙwararrun 'yan kantiri sukan riƙe roba da yatsu biyu, su riƙa fizgo tsirkiya da sauran yatsun har ta bugi ƙarafan wuya, suna kuma ɗan danne gindinta da gefen tafi domin amon ya yanke da wuri. Wannan ba a sayar da shi a kanti, sai an yi watanni ana fama. Amma wanda ya zaɓi maɗauki mai naɗi ɗaya, da tsirkiya mai tsawo sabuwa, da wuya miƙaƙƙe, ya riga ya sami kayan aikin da za su amsa masa duk ranar da hannunsa ya faɗa.