Ɗorawa da Madobiya: Dangi Ɗaya, Makoma Daban

Me ya haɗa su?

Masana tsirrai suna kasa bishiyoyi dangi-dangi, ta hanyar duba furensu da 'ya'yansu. A wannan lissafi, ɗorawa da madobiya 'yan dangin wake da gyaɗa ne, dangin da ake kira Fabaceae, domin dukkansu a cikin kwanso suke ajiye ƙwayarsu. Sunan ɗorawa a kimiyyance Parkia biglobosa, na madobiya kuwa Pterocarpus erinaceus.

Ina suka bambanta?

Ku dubi furen da rani. Na ɗorawa ja ne, dunƙulalle, yana reto a doguwar igiya, kuma jemagu da ƙudan zuma ke kai masa bara. Na madobiya rawaya ne mai siffar furen wake, yana lulluɓe bishiyar bayan ta zubar da ganye. Saboda irin wannan bambanci aka ajiye kowacce a reshenta na dangin.

Wa ke auna haɗarin ɓacewa?

Ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta duniya tana da kundi da take jera halittu bisa yadda yawansu ke raguwa. Ɗorawa tana rukunin waɗanda ba a fargaba a kansu. Madobiya kuwa an sanya ta a rukunin masu fuskantar ƙarewa a 2018.

Me ya jawo haka?

Amfanin ɗorawa yana tsayuwarta: garinta abinci, kalwarta daddawa, ɓawonta makuba. Shi ya sa manomi ke barin ta a gona. Kuɗin madobiya kuwa yana cikin jan katakonta, wanda ake kai wa China don ƙera kujeru da gadaje masu tsada. Dazuzzukan Taraba na cikin waɗanda suka sha sara. A 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da katakon sai da takardar izini.

Wa abin ya shafa?

Makiyaya ne a gaba, domin ganyen madobiya abincin dabbobi ne idan ciyawa ta ƙare. Kada kuma ku saki jiki da ɗorawa: inda ake kwashe kalwa duka, awaki na cinye tsiro, tsofaffin bishiyoyi kan mutu ba magaji. In kun ga tsironsu a gona, ku kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya.