Hanyoyin Samun Kayan Nazarin Fim ɗin Hausa ga Manazarcin da ke Nesa da Kano: Misali daga Manchok

1.0 Gabatarwa

Nazarin fim fage ne da bai daɗe da samun gindin zama a sassan koyar da Hausa na jami'o'in Nijeriya ba. Ɗalibin da ya ɗauki rubutacciyar waƙa ko ƙagaggen labari ya san inda zai dosa, domin matanin yana cikin littafi, littafin kuwa yana ɗakin karatu. Wanda ya ɗauki fim lamarinsa daban ne. Abin da zai nazarta yana cikin kaset ko faifai ko intanet, bayanan da suka shafe shi kuma sun warwatsu a garuruwa da harsuna daban-daban. Matsalar takan ƙara tsananta ga wanda yake zaune nesa da Kano, cibiyar wannan sana'a.

Wannan maƙala za ta bayyana wuraren da ake samun kayan nazarin fim ɗin Hausa da yadda ake neman su. An ɗauki garin Manchok, hedikwatar masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, ya zama ma'auni, saboda nisansa da Kano da Zariya. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, fim ɗin kansa shi ne tushen nazari, kuma abu ne mai saurin salwanta. Saboda haka aikin manazarci ya haɗa da nemowa da kuma adanawa.

2.0 Rabe-raben Kayan Nazari

Za a iya kasa kayan nazarin fim gida uku. Kashi na farko shi ne fim ɗin kansa da abubuwan da aka samar tare da shi, wato rubutaccen labarinsa da waƙoƙinsa da fasta da kwalin kaset. Kashi na biyu shi ne bayanan da aka rubuta a zamanin fitowarsa, irin su mujallu da jaridu da takardun hukumomin tace fina-finai. Kashi na uku shi ne sharhin masana a littattafai da maƙalu da kundayen digiri. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne farawa da kashi na uku su kuma tsaya a nan, har a ga an yi sharhin jigon fim ɗin da mai sharhin bai taɓa kallo ba. Gani ya kori ji.

Haka kuma wajibi ne manazarci ya san zangon da fim ɗinsa ya faɗa, domin kowane zango da inda kayansa suke. Akwai zangon majigi na zamanin mulkin mallaka, wanda ya samar da fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai na 1955 kan noman auduga. Akwai zangon fina-finan silima, irin su Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, da Ƙasarmu Ce na Sadiq Balewa, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu. Sai zangon bidiyo, wanda masana suka fi danganta farkonsa da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990. Na ƙarshe shi ne zangon fina-finai masu dogon zango na talabijin da YouTube, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Izzar So da Labarina na 2020.

3.0 Ɗakunan Karatu da Taskoki

3.1 Jos

Mazaunin Manchok yakan ɗauka cewa duk abin da ya shafi fim ɗin Hausa yana Kano. Alhali kuwa garin yana bakin iyakar Jihar Filato, kuma hanyar da ta bi ta Ganawuri zuwa Vom tana kai shi Jos ba tare da ya yi tafiyar da ta kai ta Kaduna ba. A Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da taskar adana fina-finai da sautuka. Jami'ar Jos kuma ta fara digiri na biyu kan al'adar fim da adana shi a 2019, da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus. Bugu da ƙari, Jos tsohuwar cibiya ce ta shirya fina-finan Hausa, kuma a can aka riƙa ɗaukar Daɗin Kowa.

Labarin Shaihu Umar ya isa ya nuna muhimmancin irin wannan taska. An gina fim ɗin a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma an shafe shekaru ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano kwafinsa cikin kayan Hukumar Fina-finai, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ɗin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa ke nan. Ina ga kaset ɗin da wasu matasa suka shirya da kuɗin aljihunsu?

3.2 Kaduna da Zariya

A Kaduna akwai Taskar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin larduna suke ɗauke da wasiƙun jami'an mulkin mallaka, ciki har da waɗanda suka shafi majigi da lasisin gidajen silima. Mai bibiyar tarihin kudancin Kaduna sai ya tuna cewa a wancan zamani yankin ya rabu tsakanin Lardin Zariya da Lardin Filato, don haka fayilolin lardunan biyu zai duba. Gidan Arewa, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1975, yana da tarin tsofaffin jaridu da kundaye. A jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da New Nigerian ta 1966, akan tsinci tallace-tallace da wasiƙun masu karatu da ke nuna abin da ake kallo da yadda jama'a suka karɓe shi.

A Zariya kuwa akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. A nan, da sauran ɗakunan karatun da ke bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, littattafan fim suna tsakanin lamba PN1993 zuwa PN1999, na harshe da adabin Hausa kuwa suna tsakanin PL8231 zuwa PL8234. Inda ake bin tsarin Dewey, lambar fim ita ce 791.43. Wannan yana nufin ɗalibin Hausa da ya tsaya a kantar da ya saba ba zai ga littattafan fim ba ko da suna nan. Sanin lambobin zai taimaka masa har a ɗakunan karatun da ke kusa da shi, kamar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan.

3.3 Kano

Duk da haka, ba makawa sai an je Kano. Sashen Harsunan Nijeriya da sassan nazarin sadarwa na Jami'ar Bayero suna da kundaye da yawa kan fim, kuma galibinsu ba a buga su ba. Haka abin yake a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke da bayanan fina-finan da aka gabatar mata. Takwararta ta ƙasa, wadda Doka ta 85 ta 1993 ta kafa, ta fara buga jerin sunayen fina-finan da ta tace a 2002. Irin wannan jeri shi ne abin dogaro wajen tabbatar da shekarar fim, domin kwalayen kaset da yawa ba su ɗauke da kwanan wata.

Mujallun fim ma taska ce babba. A mujallar Tauraruwa ne Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan da ake kiran masana'antar da shi a 1999, kuma a shekarar ce Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Hirarraki da wasiƙun da ke cikinsu sun adana muryoyin mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Cikakkun jerin waɗannan mujallu sun fi samuwa a hannun ɗaiɗaikun mutane, don haka sai an haɗa da tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

4.0 Ayyukan Masana

Akwai ayyukan da ya kamata manazarci ya fara da su. Graham Furniss ya shimfiɗa tubalin nazarin adabin zamani a littafinsa na 1996, Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa. Brian Larkin ya tattauna tasirin fina-finan Indiya a wata maƙala a mujallar Africa a 1997, sannan ya bi tarihin majigi da silima da bidiyo a Kano cikin Signal and Noise na 2008. A 2003 aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko kan fina-finan Hausa a Kano, aka buga takardunsa a 2004 da sunan Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf M. Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace. Akwai kuma kundin digiri na uku na Carmen McCain na 2014 a Jami'ar Wisconsin, da African Appropriations na Matthias Krings na 2015.

Dabarar amfani da su ita ce a karanta jerin manazartar da ke ƙarshen kowane aiki, a bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a lura cewa waɗannan ayyuka da Ingilishi aka rubuta su. Waɗanda aka rubuta da Hausa suna cikin mujallun jami'o'i, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato. Wanda ya tsaya a harshe ɗaya rabin fagen ya gani.

5.0 Intanet

Intanet ta rage wa mazaunin nesa wahala ƙwarai. Da Google Scholar zai iya gano wanda ya yi rubutu a kan batu da waɗanda suka ambace shi daga baya. JSTOR tana ba wanda ya yi rajista damar karanta wasu maƙalu kyauta, AJOL kuma ta tattara mujallun ilimi na Afirka. Mai nazarin majigi zai amfana da shafin Colonial Film na Ingila, wanda ya jera bayanan fina-finai fiye da 6,000 na ƙasashen da Ingila ta mallaka, ana kuma iya kallon fiye da 150 daga cikinsu. Fina-finan wannan zamani kuwa YouTube ce babbar matattararsu.

Nema a intanet yana da ƙa'ida. Na'ura tana ɗaukar ƙ da k, ko ɗ da d, a matsayin haruffa mabambanta a wasu shafuka, don haka a gwada suna da ƙugiya, a kuma gwada shi ba ƙugiya. A gwada "finafinai" da "fina-finai", a gwada Kannywood da Kanywood, wanda shi ne rubutunsa na farko. A kuma nemi batu da Ingilishi da Faransanci, saboda ayyukan da aka yi a Nijar.

Akwai haɗari iri biyu. Na farko, kwanan watan da aka ɗora fim a YouTube ba shi ne shekarar fitowarsa ba, kuma sau da yawa akan yanke sunayen ma'aikata, ko a cire waƙa, ko a sauya wa fim suna. Na biyu, abin da ke intanet ba shi da tabbacin ɗorewa. Zauren Finafinan Hausa da Abdalla Uba Adamu ya buɗe a Yahoo a 2001 ya tara muhawarori na shekaru, amma kamfanin ya rufe dukkan irin waɗannan zauruka a Disambar 2020. Saboda haka duk abin da manazarci ya samu, ya adana kwafinsa, ya rubuta adireshinsa da ranar da ya gan shi. Shafin da ya ɓace kuma a neme shi a taskar Internet Archive.

6.0 Abin da Manchok ke da Shi

Yawancin ayyukan da aka ambata sun fi mayar da hankali kan Kano da masu kallo Hausawa Musulmi. A kudancin Kaduna kuwa Hausa harshen kasuwa ne da coci da hulɗa tsakanin al'ummomi masu harsuna daban-daban. Yadda waɗannan al'ummomi suke kallon fim ɗin Hausa, da bidiyoyin bishara da ake shiryawa da Hausa, batutuwa ne da amsarsu take a bakin jama'a. Tsofaffin da suka kalli majigi a dandali, da waɗanda suka yi sana'ar ba da hayar kaset a Kafanchan da Kagoro da Manchok, duk madogara ce. Ya kamata a naɗi hira da su da izininsu, a rubuta wuri da rana.

Akwai gaggawa a wannan aiki. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016. Zaren kaset kuma zafi da laima da ƙura suna cinye shi. Duk kaset ɗin da aka samu a akwatin wani gida, mai yiwuwa shi ne kwafin ƙarshe, don haka a yi hanzarin juyar da shi zuwa kwamfuta, a ɗauki hoton kwalinsa gaba da baya.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kayan nazarin fim ɗin Hausa ba su taru a wuri ɗaya ba. Tsofaffin fina-finai suna Jos, takardun mulkin mallaka suna Kaduna, kundaye da mujallu suna Kano da Zariya da Sakkwato, sharhin masana na ƙetare yana intanet, bayanan masu kallo kuwa suna inda manazarci yake zaune. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da kallon fim, a tabbatar da shekararsa daga takardun hukuma ko mujallu, sannan a koma ga sharhin masana. Ana kuma ba sassan koyar da Hausa shawarar su buƙaci kowane ɗalibi ya miƙa kwafin fim ɗin da ya nazarta tare da kundinsa, domin wanda zai zo bayansa ya sami abin da zai kalla.