Yinin Mai Zanen Namun Daji a Rumfarsa

 Zancenmu na yau a kan wata sana'a ce wadda yawancinku kun ga aikinta amma ba ku taɓa leƙa inda ake yin ta ba. Duk wadda ta taɓa shiga mota zuwa Argungu ko Jega ta ga zaki a bayan babbar mota, ko gaggafa ta buɗe fukafukai, ko ƙaton giwan ruwa a allon mai sayar da kifi. To, hannun mutum ne ya zana su. Abin da ya sa na ɗauko zancen, gidaje da yawa akwai yaron da ya addabi bango da gawayi, yau tsuntsu gobe doki, uwa ta rasa ko dukansa za ta yi ko ta ƙyale shi. Kafin ki yanke hukunci, uwargida, ki fara jin yadda masu wannan aiki suke yini.

Rumfar ba wata abin kallo ba ce. Galibi gefen tasha take ko kusa da gareji: gwangwanayen fenti, buroshi manya da ƙanana a cikin kwalbar kananzir, alli, fensir, allunan katako jingine da bango, sai benci ɗaya da ya sha ɗigon kala. Mai zane da sassafe yake farawa, domin hasken safiya ne ke nuna kala yadda take. Yanayi ma yana mulkinsa. Da hunturu ƙura ke manne wa ɗanyen fenti, sai ya juya allon ya fuskanci bango. Da damina kuwa fentin ya ƙi bushewa, mai aiki yana ta sintiri yana tambaya.

Da farko zai shafe allon da farin fenti ya bar shi ya bushe. Sannan ya fitar da siffar dabbar da alli ko fensir. In daga ƙaramin hoto yake kwafa, sai ya ja layuka a kan hoton ya raba shi gida-gida, ya ja irinsu manya a kan allon, ya bi gida ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗinkin hula ta san wannan lissafi, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Kala kuma ba duka yake saye ba. Da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da fari da baƙi, yake haɗa sauran: shuɗi da ruwan ɗorawa su ba shi kore, ja da ruwan ɗorawa su ba shi ruwan goro. Sama da ciyawa da ruwa su ake fara yi, dabbar ta biyo baya, ido kuwa sai can ƙarshe. Ɗigon fari guda ɗaya a cikin ƙwayar ido, shi ne ke sa ki ji kamar dabbar tana kallonki.

Amma babban aikin ba a rumfar yake ba, a ido yake. Mai zanen kirki ya fi daɗewa yana kallo a kan yana shafa fenti, kuma mu nan Allah ya ba mu makarantar kallo kyauta, wato fadamar gulbin Rima. Ɗauki giwan ruwa. Wanda bai duba ba zai zana kifi ne kawai mai ƙaton ciki. Wanda ya duba zai ga leɓen ƙasa ya zarce na sama, ƙayar baya kashi biyu ce, ta gaba mai tsini ta baya mai laushi, wutsiya a zagaye take ba a tsage ba, ido baƙi da zobe mai ruwan ɗorawa. Kuma sai ya yi sammako wajen masunta, don kifi in ya jima a tudu ƙyallin azurfar nan na jikinsa dushewa yake. Girmansa ma abin a gani ne da ido: a bikin kamun kifi na Argungu na 2020, kifin da ya zo na ɗaya a Matan Fada kilo 78 ne. Haka tsuntsaye. Kin san abin nan da muke kira gwiwar zalɓe, mai lanƙwasawa ta baya? Ai idon sawu ne, ainihin gwiwar tana sama ɓoye cikin gashi. Wanda bai san haka ba, zalɓensa kullum kamar zai faɗi yake.

Zakin bayan mota fa? Gaskiya yawancin masu zana shi daga hoto suka gan shi, ko daga bayan wata motar, shi ya sa wani zakin ya fi kama da kyanwar da ta ƙoshi. Ba laifinsu ba ne duka, don a Nijeriya zakin dawa ya yi ƙaranci ƙwarai, sai a dajin Kainji da na Yankari ake maganarsa. Ba kuma a kansu aka fara ba. A 1515 wani Bajamushe, Albrecht Dürer, ya zana karkanda bai taɓa ganin ta ba, labari da ɗan zane kawai aka aiko. Ya yi mata jiki kamar ta sa sulke, ya ƙara mata ƙaramin ƙaho a doro, Turai ta yi shekaru fiye da 200 tana kwafar kuskuren. A Amurka kuwa John James Audubon daji ya shiga da kansa, ya fitar da zane 435 na tsuntsaye tsakanin 1827 da 1838, kowane da girmansa na gaskiya. Sai dai harbe su yake ya kafe su da waya kafin ya zana, abin da kyamara ta hutar da na yau.

Akwai abin da ke taɓa zuciya a nan. Gauraka, mai tukkun zinariya da kumatu fari da ja, wadda kakanninmu suka saba gani a fadama, yanzu da wuya a gan ta a ƙasar nan, saboda kamu da ake yi mata da kuma raguwar wuraren kiwonta. Jikokinmu da yawa a zane kawai za su san ta, don haka wanda ya zana ta daidai ya ajiye mana wani abu.

Batun abinci kuwa, kada in yaudare ki. Zanen dabba kaɗai ba ya riƙe gida. Rubutun allon shago da lambar mota su ne cefanen yau da kullum, su ma injin buga manyan hotuna ya cinye rabonsu. Wanda ya haɗa da boko shi ya fi samun hanya, don ana karanta zane har jami'a, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma littattafan kimiyya da na aikin gona duk suna bukatar mai zanen dabba da tsiro.

Na san wata tana can tana cewa, to addini fa? Tambaya ce mai nauyi. Hadisai sun yi gargaɗi a kan surar abu mai rai. Malamai da yawa na mazhabar Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda, wasu malaman kuma sun hana duka. Wannan ba hurumina ba ne, ku zauna da maigida a tambayi malamin da kuka amince da shi. In hani aka ba ku, hannun yaron bai tashi a banza ba: ga itatuwa, ga gulbi da jiragen ruwa, ga zayyanar Alƙur'ani, ga adon gini da na tufafi.

In kuwa an yarda ya je koyo, to ki sa ido kan lafiyarsa. Fentin mai da tina da fetur suna hawa kai suna taɓa ƙirji, don haka ya yi aiki inda iska ke shiga. Wasu fentin, musamman ja da ruwan ɗorawa, akwai dalma a cikinsu, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kada ya riƙe buroshi da baki, kada ya ci abinci sai ya wanke hannu da sabulu, kayan aikinsa a wanke su daban da na ƙannensa. Gwangwanin fenti kuma, komai kyansa, kada ki mai da shi mazubin gishiri ko na ruwan sha.